Daga Tangaraho Zuwa Tauraron Ɗan'adam

Yau za mu ɗan jingine labarin masoya a gefe guda mu taɓa tarihi, tarihin ma na wani abu da idan ka ɗauko zancensa a teburin mai shayi a Dutsi ko Shargalle za a ce maka ina ruwan biri da gada, wato iyakar ƙasa da ke cikin teku. Gaskiya ne mu nan ba mu da teku, babban ruwanmu shi ne dam ɗin Daberam da na Sabke, da yawanmu kuma ba su taɓa ganin teku ba sai a fim ɗin Indiya. To amma kuɗin nan da ake rabowa daga Abuja duk wata a biya malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma, kaso mai tsoka daga cikinsu na man fetur ne, man kuwa da yawansa daga ƙarƙashin ruwa ake haƙo shi. Sannan ita kanta iyakar da ke arewa da mu, wadda ta raba Daura da Magarya, cinikin teku ne ya ajiye ta a inda take. Ka yi haƙuri ka biyo ni a sannu, za ka ga yadda aka yi.

Kowa ya san yadda ake iyakar gona a wajenmu. A dasa gamba, ko aguwa, ko bini-da-zugu, ko a ce daga kukar can zuwa bakin kwari. Idan rigima ta tashi a kira mai unguwa da dattawan da suka san asali, su zo su tsaya su nuna da sanda, magana ta ƙare. Abin da ya sa wannan tsari yake aiki shi ne akwai abin da ido zai gani, hannu ya taɓa. Turawan mulkin mallaka da suka tashi rabon ƙasarmu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin a lokacin da suka fara rabon ba su ma tako ƙasar ba.

A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar farko, suka ja layi a takarda daga garin Say da ke bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, aka ce kudu na Ingila, arewa na Faransa. Firaministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, da bakinsa ya yi ba'a a wajen wata walima cewa suna ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ke ba su matsala shi ne ba su san inda waɗannan abubuwa suke ba. A watan Yuni na 1898 suka sake zama, wannan karon suka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, daga nan layin ya riƙa tafiya yana karyewa kamar matakalar bene har zuwa Chadi. A bisa wannan zane Birnin Ƙonni da Maraɗi da Magarya duk a ɓangaren Ingila suka faɗo. Da abin ya tsaya haka, da yau mutumin Maraɗi naira yake kashewa.

Faransawa da suka je ƙasa suka duba rabonsu sai suka ga an yi musu sakiyar da ba ruwa, a zahiri kuwa ba ruwan, don duk hanyar da ayari zai bi daga bakin Kwara zuwa Damagaram yana samun rijiya ta faɗa hannun Ingila. Sojansu sai ya zagaya ta cikin rairayi yana mutuwa da ƙishi, ko kuma ya nemi izinin Ingilishi kafin ya wuce. Suka yi ta ƙorafi har zuwa watan Afrilu na 1904, lokacin da ƙasashen biyu suka zauna suka warware tsofaffin rigingimunsu na duniya gaba ɗaya. To a nan ne teku ta shigo maganarmu. Akwai wani tsibiri mai sanyi a gabashin Kanada da ake kira Niyufanlan, inda tun shekaru kusan 200 kafin nan masuntan Faransa suke da haƙƙin sauka a wani yanki na gaɓarsa su shanya kifin da suka kama. Ingila tana so ta raba su da wannan haƙƙi. Faransa ta yarda ta saki, ita kuma aka biya ta da wasu 'yan tsibirai kusa da Konakiri, da ɗan yanki a bakin kogin Gambiya, da kuma turo iyakar ƙasar Hausa kudu. Aka rubuta cewa mutanen Tasawa da Maraɗi da na Damagaram a bar wa Faransa su iyakar iyawa. Ka ji fa, mai karatu, wurin shanyar kifi aka musanya da dangin kakanninmu, ba wanda ya tambayi ko da mutum ɗaya a cikinsu.

Abin ya taɓa Daura fiye da ko'ina, domin tun bayan jihadi gidan sarautar Haɓe ya rarrabu, wasu a Zango, wasu a Ɓaure, wasu a Magarya, Damagaram kuma tana da hannu a kansu. Da layin ya ratsa sai Zango da Ɓaure suka zauna a ɓangaren Ingila, Magarya ta tafi Faransa. Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura.

Bayan an ƙara gyara rubutun a watan Mayu na 1906, sai aka turo masu safiyo su zo su mayar da takarda ƙasa. Manjo O'Shee ne ya jagoranci na Ingila, Kyaftin Tilho na Faransa, suka yi aikin daga 1906 zuwa 1908 a kan dawaki da raƙuma, daga Kwara har Chadi, tafiyar kusan kilomita 1,500. Yadda suke gane inda suke a doron ƙasa abin sha'awa ne. Dare suke jira. Idan sama ta yi garau sai su kafa na'urar hangensu su auna tsayin wani tauraro da suka sani daga ƙasa, wannan zai gaya musu nisansu daga tsakiyar duniya zuwa arewa. Gabas da yamma kuwa agogo ne ke faɗa: su gano lokacin wurin da suke ta hanyar taurari, su gwada shi da lokacin Turai da agogonsu yake riƙe da shi, bambancin shi ne nisan. Wahalar ita ce idan agogon ya yi kuskuren daƙiƙa 4 kacal, to a ƙasa an kauce da kusan kilomita biyu. Ka tuna kuma agogon nan a bayan raƙumi yake tafe, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu.

Da yake sun san ma'auninsu ba ya rasa tangarɗa, sai suka dogara da abin da ido zai gani, kamar dai mai unguwa. Suka kafa alamomi 148 masu lamba, suka rubuta kowace tana kaza daga rijiyar gari kaza ko a kan hanyar da ta tashi daga nan zuwa can. Da yawa daga cikinsu dogayen ƙarafa ne irin na wayar tangaraho, shi ya sa har yau mutanen bakin iyaka tangaraho suke ce musu. A 1910 gwamnatocin biyu suka amince da aikin. Wani Ba'amurke mai suna William Miles ya zauna a 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, ƙauyuka biyu maƙwabta masu harshe ɗaya da addini ɗaya da auratayya, ya rubuta littafi sukutum a 1994 kan yadda waɗannan ƙarafa suka mayar da su mutanen ƙasa biyu. Ko ba komai dai tangaraho yana da kirki ɗaya, idan gardama ta yi gardama za a iya zuwa a dafa shi a ce ga shi nan.

To a teku fa, ina za ka kafa tangaraho?

Ba inda za ka kafa shi. Iyakar teku lambobi ce kawai a takarda, digiri kaza, minti kaza, daƙiƙa kaza. Kuma duk lambobin nan daga gaɓa ake fara ƙirga su. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a watan Disamba na 1982 ta kuma fara aiki a 1994, ta ce kowace ƙasa tana da mil 12 daga gaɓarta wanda yake tamkar cikin gidanta, sannan tana da mil 200 inda kifi da man fetur da duk wani arziƙi nata ne ita kaɗai ko da yake jiragen kowa suna iya wucewa. Mil ɗin ruwa ya fi na tudu tsawo, mita 1,852 ne. Najeriya ta amince da dokar a 1986. Da can a 1971 mil 30 ta ce nata ne, sai a 1998 ta dawo 12 kamar kowa. Idan ƙasashe biyu suna maƙwabtaka kuma ba su yi wata yarjejeniya ba, yawanci ana farawa ne da layin raba-daidai, wato layin da kowane ɗigo a kansa nisansa ɗaya ne daga gaɓar wannan da ta wancan.

Sai dai ita gaɓar ba ta zama wuri ɗaya. Ruwan teku yana cikowa ya janye kusan sau biyu a kowace rana, doka kuma ta ce daga inda ruwa ya tsaya idan ya janye ake ƙirge. A wurin da gaɓa take dutse abin da sauƙi. A wurin da take taɓo da itatuwan cikin ruwa, kamar kudancin Najeriya mai gaɓar kusan kilomita 850, kogi yana kawo laka ya ƙara ƙasa a nan, igiya ta cinye a can. Ɗan tsinin ƙasa guda da ya leƙa cikin ruwa yana iya juya layin raba-daidai, juyin da a bakin gaɓa ba a bakin komai yake ba, amma idan ka bi shi mil 50 cikin teku sai ka tarar ya haɗiye rijiyar mai sukutum.

Ba inda wannan ya fito fili kamar Bakassi. Mu a nan Arewa mun fi tuna rigimar da sojoji da kuma zargin da ake yi cewa Gowon ya yi kyauta da ƙasa, amma asalinta tsohuwa ce. A watan Maris na 1913 Ingila da Jamus, wadda take riƙe da Kamaru a lokacin, suka rubuta cewa iyakarsu a kudu za ta bi kogin Akwayafe ta faɗa teku. Bakassi tana gabas da wannan kogi, ke nan ta faɗa wa Jamus, ko da yake mazaunanta Efik ne da sauran masunta masu kallon Kalaba a matsayin gida. Bayan samun 'yanci da gano mai a cikin ruwa sai ya zama dole a san inda layin ya bi bayan ya bar bakin kogi. A ranar 4 ga Afrilu 1971 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahidjo suka haɗu a Yawunde, aka shimfiɗa musu taswirar sojan ruwan Ingila mai lamba 3433, aka ja layi a kanta da alƙalami daga ɗigo na 1 zuwa na 12, suka sa hannu a jikin taswirar. A ranar 1 ga Yuni 1975 suka sake haɗuwa a Marwa suka ƙara tsawon layin zuwa wani ɗigo da aka sa wa harafin G. Ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da Gowon yana taro a Kampala, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka ce ba su san zancen Marwa ba, tunda majalisar ƙoli ta soja ba ta tabbatar da shi ba.

Daga nan sai zaman doya da manja. A watan Mayu na 1981, zamanin Shagari, aka kashe sojan Najeriya biyar a yankin, saura ƙiris a gwabza. A ƙarshen 1993 Abacha ya tura soja Bakassi, a watan Maris na 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg. Daga baya ta faɗaɗa ƙarar ta haɗa da iyakar gaba ɗaya tun daga tafkin Chadi, inda ruwa ya ja baya mutanenmu suka bi shi suna kamun kifi da noma har suka kafa garuruwa irin su Darak ba tare da sanin sun tsallake layin Turawa ba. Shekara takwas ana shari'a. Lauyoyin Najeriya suka kafa hujja da yarjejeniyar 1884 tsakanin Ingila da sarakunan Kalaba, suka ce Ingila kariya ta yi alkawari, ba ta da ikon bayar da ƙasar da ba tata ba, suka kuma nuna cewa mutanenmu ne a wurin, mu ke karɓar haraji, mu muka gina makarantu. A ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke hukunci, ta ce takardar 1913 tana nan daram, sa hannun shugaban ƙasa kuma ya ɗaure ƙasarsa ko majalisarsa ta so ko ta ƙi. Bakassi da Darak suka tafi Kamaru, Najeriya ta sami wasu wurare a tsakiyar iyakar.

A ganina hujjar Najeriya ta fi kama hankali, amma ta Kamaru ta fi ƙarfi a gaban alƙali, domin ko a kotun ƙauye mai takarda yana gaban mai cewa kakana ne ya sare dajin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne a cikin ruwa Kamaru ba ta sami yadda take so ba. Ta roƙi kotu ta karkato mata layin sosai, wai gaɓarta a lanƙwashe take kuma tsibirin Biyoko na Ikwatoriyal Gini ya tare mata gaba. Kotu ta ƙi. Ta ce a bi layin Yawunde da na Marwa har zuwa G, daga G a yi yamma sak zuwa wani ɗigo da ta kira X, wanda yake a digiri 8 da minti 21 da daƙiƙa 20 gabas, digiri 4 da minti 17 arewa, tafiyar da ba ta wuce mil ɗaya na ruwa ba, daga X kuma a miƙe kudu ana ɗan karkata yamma a kan layin raba-daidai. Ba ta faɗi inda layin zai ƙare ba, saboda can gaba haƙƙin Ikwatoriyal Gini ya shigo. Shi wannan layin raba-daidai da ɗigo biyu kawai aka fitar da shi, tsinin ƙasa ɗaya a gaɓar Najeriya, ɗaya a ta Kamaru, a gefe biyu na bakin kogunan Kuros da Akwayafe.

Kana iya cewa to ai magana ta ƙare, ga lambobi alƙali ya bayar, sai a kunna na'ura a je wurin. A nan gizo yake saƙar. Ka san tiyar Mai'aduwa da mudun Dawanau ba ɗaya ba ne, idan aka ce maka gero awo goma dole ka tambaya da wane kwano. Haka lambobin taswira suke. Duniya ba mulmulalliya ba ce sosai kamar ƙwallo, ta ɗan baje a tsakiya, saboda haka kowace ƙasa a da takan zaɓi siffar da ta fi dacewa da yankinta da wani wuri guda da za ta fara awo daga gare shi. Najeriya a Minna nata yake, duk tsofaffin taswirorinmu daga can suka samo asali. Tauraron ɗan'adam kuwa da kwanon duniya gaba ɗaya yake awo, wanda ake kira WGS 84. Lamba ɗaya tak, idan ka karanta ta da kwanon Minna ka sake karanta ta da na tauraro, wurare biyu za ta kai ka masu tazarar gomman mitoci. Ita kuwa taswira ta 3433 da Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu, tsohon awon jiragen ruwan Ingila ce, ba da kwanon tauraro aka yi ta ba. Daƙiƙa ɗaya a lambar taswira kusan mita 31 ce a ƙasa. Kaurin layin alƙalami ma kansa abin lissafi ne, don a taswirar da aka rage ƙasa sau 50,000, layi mai kaurin milimita ɗaya ya rufe mita 50, faɗin da ya ishi a kafa dandamalin haƙar mai a kansa.

Bari in ɗan tsaya kan yadda shi tauraron yake aiki, tunda yanzu yana cikin wayar kowa, har ɗan acaɓa yana tura wa mutum inda yake. Sojan Amurka ne suka ƙirƙiro GPS, suka harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24 masu zagaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000. Kowane yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, aikinsa kawai shi ne ya yi ta shelar ga ni a wuri kaza, ƙarfe kaza. Na'urar da ke hannunka tana jin shelar, ta lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta san nisanta da tauraron. Idan ta ji daga huɗu ta san inda take. Ka ga ashe sana'ar su Tilho ce dai ba ta canza ba, tauraro da agogo, sai dai wannan tauraron ɗan'adam ne ya rataya shi, kuma ba ya jiran dare ko wucewar hazo. Da farko Amurka da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskuren ya kai har mita 100, sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Yanzu Rasha da Turai da Sin duk suna da nasu.

Ta wayarka tana iya kaucewa da 'yan mitoci, wannan bai isa aikin iyaka ba. Masu safiyo na'ura biyu suke haɗawa. Ɗaya a kafa ta a kan turken siminti da aka riga aka san lambarsa, a bar ta sa'o'i tana saurare, ɗayar a ɗauke ta a kai wurin da ake son aunawa. Duk kuskuren da iskar sama ta jawo wa saƙon, ta kan turke za ta gane shi tunda ta san inda take, sai a cire shi daga lissafin ɗayar. Da haka ake sauko da kuskure zuwa 'yan santimitoci, faɗin tafin hannu.

Wannan shi ne aikin da ya faɗo kan hukumar haɗin gwiwa da Kofi Annan ya sa aka kafa a ƙarshen 2002 don aiwatar da hukuncin, Yarima Bola Ajibola yana jagorantar ɓangaren Najeriya, Amadou Ali na Kamaru, Ahmedou Ould-Abdallah ɗan Muritaniya yana shugabanta a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya. Dabarar ita ce a nemo abubuwan da suke a zane cikin tsohuwar taswira kuma har yanzu suna nan a gaɓa ba su gusa ba, a je da ma'aikatan ƙasashen biyu a ɗora musu na'ura tare, kowa yana kallon kowa. Idan taswira ta ce abu kaza yana lamba kaza, tauraro ya ce a'a yana lamba kaza, bambancin da ke tsakani shi ne girman kwanon. Da shi za a juya dukkan ɗigogin Yawunde da Marwa da na kotu zuwa harshen da na'urar jirgin ruwa da ta kamfanin mai suke ji. A tsakanin 2007 da 2008 ɓangarorin biyu suka amince da sakamakon. Abin lura shi ne tauraron bai matsar da layin ko taƙi ɗaya don tausayin wani ba, bai kuma tambayi masuntan Abana ko Atabong ra'ayinsu ba. Nemo inda alƙalamin 1971 da na 1975 ya bi kawai ya yi, ya nuna shi a kan ruwa.

Mutanen kuwa nasu lissafin daban ne. A watan Disamba na 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30 a yankin tafkin Chadi. A ranar 12 ga Yuni 2006 Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka, soja suka fito a watan Agusta na shekarar. Majalisar Dattawa ta yi bore a 2007 ta ce ba a kawo mata ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka yi bikin miƙa ragowar Bakassi a Kalaba. Dubban mutane suka kwashe komatsansu suka dawo Najeriya, aka tsugunar da su a tudu, masuncin da ya tashi a cikin kwalekwale aka ce ya koyi zama nesa da ruwa. Jihar Kuros Riba ma ta sha nata kashin, don da Bakassi ta tafi sai aka ce ba ta da sauran gaɓar da ta buɗe ga teku, rijiyoyin mai 76 suka koma lissafin Akwa Ibom, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2012, kason nan na kashi 13 cikin 100 da ake ba jihohi masu mai ya suɓuce mata.

Da sauran maƙwabtan ruwa ba a kai ga kotu ba. An sa hannu da Ikwatoriyal Gini a 2000. Da Sawo Tome kuwa da aka kasa daidaitawa kan layi, sai a 2001 aka yi abin da 'yan'uwa kan yi da gonar gado idan rabo ya gagara, aka ce a noma tare a raba amfani, Najeriya kashi 60, su kashi 40.

Akwai kuma wata ƙofa da dokar 1982 ta bari a buɗe. Idan ƙasa ta iya tabbatar da cewa doron ƙasarta ya ci gaba da miƙewa a ƙarƙashin ruwa har ya wuce mil 200, tana iya neman ƙari. Tabbatarwar ba da baki ba ce. Jirgin bincike ne zai yi ta safa da marwa a kan teku wata da watanni yana aika ƙara zuwa ƙasan ruwa, amsa-kuwwar ta gaya masa zurfi da kaurin lakar da ta taru, tauraro kuma yana rubuta daidai inda aka ɗauki kowane awo, don awon da ba a san wurinsa ba bai da amfani a gaban kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya. Najeriya ta miƙa takardunta a 2009, maganar ta yi ta jan ƙafa, a 2015 marigayi Muhammadu Buhari ya kafa kwamiti na musamman ya tashe ta, a 2023 aka amince mata da ƙarin murabba'in kilomita 16,300, wato wajen kashi biyu cikin uku na faɗin jihar Katsina. A 2024 aka kai wa Shugaba Tinubu rahoton. Wurin yana can sama da mil 200 daga gaɓa, a ƙarƙashin ruwa mai zurfin dubban mitoci, kuma haƙƙin Najeriya a can na ƙasan ne kawai da abin da ke binne a cikinsa. Ruwan da ke sama da kifin da ke yawo a ciki na duk wanda ya zo da jirginsa ne.